An bar jaki ana dukan taiki: maganar buji da karburato a Adar

 Yau mun ɗan ajiye maganar farashin albasa da ta gero. Zancenmu a kan wani ƙaramin ƙarfe ne wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma yana iya tsayar da magidanci cikin rana tsaka tsakanin Tamaske da Ibohaman. Buji nake nufi, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa fulogi.

Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da moto yake a gare mu. Da zarar ka sauka daga babbar hanyar da ta taso daga Madawa ta bi Buza da Keita ta faɗa Tawa, abin da ke gabanka duwatsu ne da rairayi da ƙoramu, kuma ƙauyuka da yawa mota ba ta leƙa su sai ranar kasuwa. Moto ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Shi ke kai malamin lakwal ƙauyen da aka tura shi. Shi ke fitar da buhun albasa daga fadamar Tarka zuwa bakin kwalta. Saurayi ya yi shekara biyu ko uku yana wahala a ƙasar waje, abin da ya fara saye in ya dawo shi ne Kasea ko Boxer, ya shiga kabu-kabu ya ci da gidansu. Saboda haka in moto ya yi pan a wajenmu, ba ƙarfe kaɗai ya tsaya ba.

A cikin saƙonnin da masu saurare ke turo mana in mun taɓo zancen sufuri, kuka ɗaya ya fi yawa: "buji ya mutu." Wani ya ce uku ya saya cikin wata guda. Wani ya ce bujin yanzu duk jabu ne. Wani ya ce makanike ya cuce shi. Aikin rediyo ya sa ni ma kullum ina bisa moto ina yawon ɗauko rahoto, kuma ya sa na zauna a garaji da dama ina tambaya ina rubutawa. Abin da na fahimta shi ne, galibin bujin da ake jefarwa a bakin hanya lafiyarsu lau. Buji shaida ne. Yana zaune cikin inji, yana ganin abin da ke faruwa, kuma launin bakinsa ne ke ba da labari. Mai cire shi ya yar ba tare da ya dube shi ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Sabon da ya ɗaura ma kwanaki kaɗan zai yi ya bi sawun na farko.

Bari mu fara daga tushe. Inji ba ya ƙone isansi shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska. Ma'aunin da ya fi ƙonewa tas shi ne iska kashi 14.7 ga isansi kashi 1, in an auna da nauyi. In muka mayar da shi lissafin da ido zai gani, litar isansi guda tana buƙatar iska wajen lita 9,000, wato cikin tano 45 irin mai lita 200. Karburato ne ke wannan gauraye, kamar yadda mai dama fura ke daidaita nono da ruwa. Buji kuwa aikinsa ɗaya, ya ƙyasta wuta a kan lokaci. Injin da ke juyi 5,000 a minti, wuta na tashi cikinsa sau 2,500 a wannan mintin. In isansi ya yi yawa iska ta yi kaɗan, wani sashe ba ya ƙonewa, sai ya zama baƙin toka ya manne a bakin buji. Wannan toka tana ɗaukar lantarki, sai wutar ta silale ta jikinta ta tafi a banza, ba ta yi tsalle a bakin ba. Nan ne za ka ji ana ta buga kik moto ya ƙi tashi.

To yaya ake karanta buji? Ka hau moton ka yi tafiya irin wadda ka saba ta minti goma ko sha biyar, ka kashe shi ba tare da ka bar shi yana ta aiki a tsaye ba, ka jira ya huce, sannan ka kwance. Dubi farin tangaran da ke kewaye da ƙarfen tsakiya. In ya yi ruwan ƙasa mai haske, kamar shayi da madara, karburatonka daidai yake, kar ka taɓa kome. In ya yi baƙi a bushe, kana shafawa yana kama yatsa kamar gindin tukunya, isansi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya yi baƙi mai maiƙo yana ƙyalli, baƙin mai ne ke haurowa inda wuta take, kuma wannan ba ciwon karburato ba ne. In kuwa ya yi fari fat kamar alli, har ƙarfen ya fara cinyewa, to isansi ya yi kaɗan, inji na cin wuta. Wannan na ƙarshen ya fi sauran haɗari, ga shi kuma shi mutane suka fi yi wa murna, wai buji ya yi tsabta.

Salansa ma tana magana. Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen isansi, mai sa ido yaji, alamar mai ya yi yawa ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ne ke ƙonewa.

Akwai wani dattijon makanike da nake zama wurinsa in na je kasuwa wajen Buza. Wata rana ina nan wani matashi ɗan kabu-kabu ya turo motonsa, gumi na zuba. Ko sallamar kirki bai gama ba ya ce: "Baba, sake min buji, kuma ka matse min mai. Wanga moto shina shan isansi awa raƙumi ya iske rijiya." Dattijon bai ce kome ba. Ya kwance bujin ya ɗaga shi a rana, ya shafa, ya nuna masa yatsansa baƙi ƙirin. Bai ɗauki turnabis ya nufi karburato ba, sai ya buɗe akwatin filtir da ke gefe. Soson da ya ciro ya zama kamar tubalin laka. Ya ce: "Ɗana, toshe hancinka ka yi gudu in gani. Buji ba ya ƙarya, abin da yag gani ciki shi shika hwaɗi. Ku ɗiyan yanzu kun cika gaugawa." Ya wanke soson, ya shanya, ya goge tsohon bujin da buroshin waya ya mayar. Bugu ɗaya moton ya tashi. Bai sayar masa da kome ba, ladan hannu kawai ya karɓa.

Wannan shi ne darasi na farko: kafin a taɓa karburato, a duba hanyar iska. Mun san iskar ƙasarmu. Ita ce ta sa tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare gonaki, ita ce kuma da zaizayar ƙasa suka kawo babban aikin Keita a 1984, wanda iyayenmu mata suka ɗauki duwatsunsa a ka. Ƙurar da waɗancan itatuwa ke tarewa, irinta ce moto ke shaƙa, tano 45 a kowace lita. Filtir na tare ta har ya toshe. In ya toshe, inji na ci gaba da zuƙa, iska ba ta isowa, sai ya zuƙo isansi fiye da kima. Littafin da ke zuwa da moto kan faɗi kilomita nawa za a yi kafin a wanke filtir, amma shi kansa yana cewa a inda ƙura ta yi yawa a riƙa yi da wuri. Mai bin jar hanya kullum lokacin ɗari, duba filtir sau ɗaya a mako bai yi masa yawa ba.

Filtir iri biyu ne. Na soso ana wanke shi, a matse ba tare da an murɗe ba, a bari ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse rarar, don maiƙon ne ke kama ƙura mai laushi. In aka jiƙa shi sharkaf da mai, an sake toshe shi ke nan. Na takarda ba a sa masa ruwa ko mai, kakkaɓewa ake yi, in ya gaji a sake. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cire filtir su yar gaba ɗaya, wai moto ya fi gudu. Zai yi gudu na ƴan makonni. Amma ƙurar da ke shiga kai tsaye tana cin sagman da jikin silinda kamar ana goga su da takardar yashi. Daga nan baƙin mai ya fara haurowa, buji ya koma baƙi mai maiƙo, kuma babu murɗin da zai gyara wannan sai an buɗe inji. Kuɗin soso ɗaya aka guje wa, aka faɗa kuɗin fistan da sagman.

Abu na biyu shi ne cok, ɗan maƙunnin da ake ja da sanyin safiya. Aikinsa ya ƙara wa inji isansi har ya yi ɗumi. Minti ɗaya ko biyu ya isa, sai a mayar. Akwai masu mantawa su yi tafiyar kilomita goma da shi a ja, akwai kuma moton da wayar cok ɗinsa ta cije da ƙura, maƙunnin ya koma amma can ciki bai buɗe duka ba. A sa ido a gani. Haka nan buji na wanke kansa da kansa ne in bakinsa ya kai zafi wajen digiri 450 zuwa 500. Moton da ke yini a tasha yana aiki a tsaye ana jiran fasinja, ko wanda tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa kasuwa a hankali, bujinsa ba ya kai wannan zafi, sai toka ta taru ko da karburato na daidai. In za ka jira, kashe inji. Ka huta da sayen isansi, buji ma ya huta.

Abu na uku, man da muke zubawa. Shekara da shekaru a nan kusa da iyaka, daga Ƙonni har Bangi, isansin butali da muke kira ruwa-ruwa shi ne na talaka, don ya fi na gidan mai araha, ko bayan da matatar SORAZ ta fara aiki a Damagaram a 2011. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lissafin ya juye. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar isansi zuwa sefa 499, dala ɗari ba tamma guda ke nan. Amma mutumin ƙauyen da ke nesa da gidan mai, har gobe daga butali zai saya, kuma masu wannan sana'a ƴan uwanmu ne masu neman abinci. Matsalar tana ga hanyar da man ke bi: daga tano zuwa bido, daga bido zuwa butali, a buɗe cikin ƙura, wani lokaci da ɗigon ruwa a gindi. In kuma aka yi rashin sa'a an gauraya shi da kananzir, ba ya ƙonewa da kyau, buji ya yi baƙi nan da nan. Ka ɗaga butalin a rana ka duba gindinsa kafin a zuba. Ka sa a tace da tsumma mai tsabta a bakin mazurari. A ƙarƙashin karburato akwai ɗan bis na zubar da abin da ya kwanta. Rufe famfon mai, kwance shi, tara abin da ya fito a murfin gwangwani. In akwai ruwa za ka gan shi ya dunƙule a ƙasa.

Abu na huɗu yana cikin kofin karburato. Akwai fulotar, wani abu mai yawo bisa mai, wanda ke tura ƴar allura ta rufe hanya in kofin ya cika. In allurar ta cinye ko ƙwayar rairayi ta tokare ta, mai na wuce iyaka, har ka ga yana ɗiga ƙarƙashin moto in an ajiye. Irin wannan moto ko bis nawa ka murɗa, bujinsa baƙi zai yi. Sannan akwai jiklar, ƙananan ƙusoshin tagulla masu huda a tsakiya, inda mai ke bi. An auna hudar nan daidai a kamfani. Mai zura mata allurar ɗinki ko wayar birki don ya buɗe ta, ya faɗaɗa ta ke nan har abada, kuma daga ranar moton ya zama mashayi. A jiƙa jiklar a isansi, a hura ta da iskar famfo. In ta ƙi, a sayi sabuwa mai lamba ɗaya da tsohuwar.

Sai bayan an duba waɗannan duka ake zuwa ga bis ɗin da kowa ke gaggawar murɗawa. A jikin karburato bis biyu ne a waje. Babban, mai sifirin a bayyane, na ralanti ne, shi ke ɗaga ko sauke juyin inji in moto na tsaye. Ƙaramin, mai kan tagulla, shi ne na gauraye. Dubi inda yake zaune. In yana ɓangaren inji, galibi daga ƙasa, na mai ne: kwance shi na ƙara isansi, ɗaure shi na ragewa. In yana ɓangaren filtir, na iska ne: kwance shi na ƙara iska, ɗaure shi na sa isansi ya rinjaya. Kun ga abin da ke faruwa ke nan in mutum ya ji an ce "ɗaure ka rage mai" ya je ya yi a kan karburato mai bis na iska. Ya ƙara ciwon da ya zo magancewa.

Ga yadda masu aikin da hankali ke yi. A fara tafiya da moton minti goma har inji ya yi zafi, a kafe shi bisa ƙafarsa ta tsakiya, a fili, don hayaƙin salansa cikin rufaffen shago guba ne marar wari mai iya kashewa. Inji a kashe, a ɗaure ƙaramin bis a hankali ana ƙirga juyi, har ya taɓa ƙarshe. Da ya taɓa a tsaya, don tsininsa siriri ne, in aka matsa zai lanƙwashe ko ya karye a ciki. A rubuta juyi nawa aka ƙirga, ko da a ƙasa ne da yatsa, don a san hanyar komawa. Galibin ƙananan motocinmu suna zama tsakanin juyi ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. A mayar da shi nan, a tada inji, a ɗan ɗaga ralanti da babban bis. Sannan a riƙa juya ƙaramin kwata-kwatan juyi, ana jiran ƴan daƙiƙoƙi bayan kowane, ana saurare. Akwai wurin da muryar inji ke tashi ta daidaita ba rawa. In ka wuce shi ta nan ko ta can za ta sauka. A nan ake tsayawa, sai a sauke ralanti ya koma wajen juyi 1,400 zuwa 1,500, a murɗa wuta sau biyu ko uku a ji ko yana amsawa ba tari, yana kuma sauka ba jinkiri. In sai da aka kwance fiye da juyi uku, ko aka ɗaure har kusan ƙarshe kafin inji ya daidaita, ciwon na wani wuri, a koma ga jiklar da filtir da robar da ke haɗa karburato da inji, ko ta tsage tana shan iska.

Abin da da yawa ba su sani ba, wannan ƙaramin bis ikonsa bai wuce ralanti da farkon murɗin wuta ba, har wajen kwata. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke tsakiya ce ke mulki. Daga nan zuwa ƙarshe, babbar jiklar. A wasu karburato allurar na da tsaga-tsaga a kai da ɗan makari: in aka sauke makarin ƙasa allurar na ɗagawa mai ya ƙaru, in aka hau da shi sama mai ya ragu. Inda kamfani ya ajiye shi, galibi tsakiya, shi ya fi dacewa da yawancin aiki.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan, wato al'adar "matse mai". Na san dalilinta. Ɗan kabu-kabun da ke biyan mai moto kullum, kowace tamma lissafi ce gare shi. Kuma gaskiya moton da ke shan mai fiye da kima asara ne: a ce kwatan lita kawai yake ɓatawa a yini, a farashin gidan mai sefa 125 ke nan, a wata ya tasam ma jika huɗu. Ya cancanta a gyara. Amma gyara daban, yunwa daban. In aka ɗaure bis, aka sauke allura, aka sa ƙaramar jiklar har isansi ya gaza, inji na ƙara zafi sosai, ga shi injinan nan iska kaɗai ke sanyaya su, ba su da ruwa. Ɗauki irin wannan moto a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka ɗora masa mutum uku ko buhun albasa biyu, ka hau da shi tudun dutse wajen Garhanga a ƙaramin giya, iska ba ta kaɗa shi. Supap na iya ƙonewa, fistan na iya kamewa ko ya huje. Garin neman ƙiba an samo rama. Alamun suna zuwa kafin ɓarna: moto ba ya tashi sai da cok ko da rana, yana shaƙewa in an murɗa wuta, salansa na harbi fat-fat in an saki wuta, ralanti na rataye sama ba ya son sauka, ƙafarka na jin zafin inji fiye da yadda ka saba. Wanda ya ga haka kar ya jira, ya koma a buɗe masa mai. Bujin da ya ɗan yi duhu ya fi wanda ya yi fari, don na farko gogewa yake so, na biyu kuwa yana gaya maka inji na cin kansa.

Lokaci ma na da nasa hannu. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, saboda haka a bazara moto kan ɗan karkata wajen yawan mai, a sanyin Disamba da Janairu kuma ya karkata wajen ƙaranci, shi ya sa yake neman cok da asuba. Bambancin ƙarami ne, kwatan juyi ya ishe shi. Wanda aka matse wa mai ƙarshen iyaka cikin zafi, da sanyi ya shigo zai ji a jikinsa.

Shi kansa bujin, a kula da lambar da ke jikinsa. Ƙananan motoci masu 100 ko 110 da yawa suna ɗaukar C7HSA ko A7TC, masu 125 da 150 irin zubin CG kuma D8EA ko D8TC. Abin da ke littafin motonka shi za ka bi. A lissafin kamfanin NGK, lamba na hawa buji na ƙara sanyi, kuma bujin da ya fi ƙarfin inji sanyi ba ya kai zafin wanke kansa, sai ya yi ta baƙi. Wanda zarensa ya fi tsawo kuwa yana iya taɓa fistan. Tazarar bakin irin waɗannan buji tana tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni suna nan a kasuwa, saboda haka mai cewa an cuce shi ba kullum ya yi ƙarya ba, amma a duba launin tukuna kafin a yanke hukunci. Wajen mayarwa a fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan a ƙara kaɗan da kile. Kan inji alminiyom ne, zarensa ba ya jure ƙarfi.

Yawancin injinan 125 da ke yawo a nan kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda Japanawa suka fitar a 1975 don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma garaji ke nesa. A Turai an daɗe da komawa injinan da kwamfuta ke auna musu mai, in sun lalace sai da na'ura. Namu turnabis da kile da kunne mai kyau sun ishe shi. Wannan gata ne, in mun san amfani da shi. Kuma duk abin da na faɗa ya shafi injin ban ruwa na isansi da manoman albasa ke aiki da shi daga Sabon Gida har Tamaske: filtir, cok, mai mai tsabta, launin buji. Shi ma a ƙasa yake zaune cikin ƙura, kuma in ya tsaya kwana biyu lokacin da albasa ke ɗaura kai, mai lambu ya san abin da ya rasa.

Ga makanikai iyayen gidanmu, roƙona ɗaya: ku riƙa nuna wa mai moto bujinsa ku gaya masa abin da kuka gani, ku koya wa yaranku ƙirga juyi kafin su murɗa. In an ce ku matse mai fiye da kima, ku faɗi gaskiya ko da mai moto zai ɓata rai, don ranar da fistan ya kame sunanku za a kira. Ga masu moto kuma, ku bar makanike ya yi bincikensa, ku biya shi ladan dubawa ko bai sake kome ba. In kullum sai an ga sabon ƙarfe ake biya, kullum sabon ƙarfe za a sayar mana. A ƙarƙashin kujera a ajiye buji guda mai kyau da kile ɗinsa, musamman wanda ya san a ƙauyensu shi ake tayarwa da dare in ciwo ya tashi.

Masu wannan sana'a da ke karanta mu daga Madawa, Karofan, Tabotaki, Keita da sauran wurare, ƙofa a buɗe take, ku turo abin da kuka gani a aikinku mu karanta shi a shiri mai zuwa, don kun fi mu sanin hannunku. Allah ya tsare mu bisa hanya, ya sa albarka a nema, ya kai kowa gidansa lafiya.